Filaza mai kallon yamma: wane labulen taga zan saka?

Dan_Kwari_Alh: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Muna gab da kammala wata 'yar filaza a nan Kano, ƙasa shaguna takwas, sama ofisoshi shida. Gaban ginin yamma yake kallo, kuma mai zanen ya zuba mana gilashi tun daga ƙugu har kusan silin. Kyau kam ya yi kyau, duk wanda ya wuce sai ya waiwayo. Amma jiya da na hau sama bayan la'asar, wallahi ban yi minti biyar ba na sauko, kamar na shiga gidan burodi. Masu sa labulen ofis biyu sun zo sun auna. Ɗaya ya ce zebra zan sa, shi ake yayi. Ɗayan ya ce na tsaye irin na banki. Kowa kayansa yake yabo. Don Allah wanda ya taɓa yin wannan aikin ya faɗa min gaskiya kafin in zuba kuɗi.

Bazazzagi_01: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri Alhaji. Amma Bakano da sayen labule mai tsada? Ka liƙa tsohuwar jarida kawai, mun san halinku.

Dan_Kwari_Alh: Bazazzagi, bawa ba ya sa baki in iyayen gidansa na magana. Koma gefe.

Injiniya_MK: Allah ya sa a shiga a sa'a Alhaji. Kafin a yi maganar zebra ko wani abu, a fara da inda tagar take kallo, don shi ne tushen zancen. Rana tana dukan tagar kudu ne daga sama, musamman lokacin sanyi, saboda haka ko 'yar rumfa aka yi a saman tagar ta wadatar. Tagar yamma ba haka take ba. Daga wajen ƙarfe uku rana ta fara sunkuyowa, zuwa biyar tana kallon gilashin ido da ido, kuma a daidai lokacin gari ya gama ɗaukar zafi. A watan Afrilu Kano tana kai digiri 40. Irin labulen nan mai faifai a kwance, wanda ake ce wa benishiyan, ba ya tare rana mai zuwa daga gefe sai an rufe shi ruf, to ka ga an zauna a duhu kenan. Na tsaye ya fi shi a nan, don kana iya karkata faifan su tare rana haske kuma ya shigo ta gefe. Amma in ni ne, rola zan sa, wato labulen da ake naɗewa sama a jikin bututu, mai yadin tare rana.

Dan_Kwari_Alh: Injiniya, mene ne kuma yadin tare rana? Bambancinsa da zebra fa?

Injiniya_MK: Yadi ne mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, yawanci zaren roba ko zaren gilas ne aka lulluɓe da PVC. Ana sayar da shi da lamba: 1, 3, 5, 10. Lambar tana nufin kashi nawa cikin ɗari na yadin ne ƙofa. Mai lamba 10 za ka ga titi tar, amma rana ma za ta gan ka. Ga tagar yamma kar ka wuce 3. Shi kuwa zebra yadi biyu ne a jere, ratsi mai kauri da ratsi shara-shara, in ka ja sai su haɗu ko su saɓa. Ado ne na falo.

Hajiya_Labule_Interiors: Injiniya ban yarda da "ado ne na falo" ba. Shekarata tara a wannan sana'ar, ofisoshi nawa na sa wa zebra a Kaduna da Abuja, har yau ba wanda ya dawo min da shi. Zebra ma suna suka tara. Akwai mai kauri wanda in ka rufe shi ko hasken fitila ba ya wucewa. Matsalar ita ce mutane su sayi mafi araha sannan su zo suna zagin zebra gaba ɗaya.

Injiniya_MK: Hajiya, ba raina sana'a na yi ba, a yi haƙuri. Tambaya ɗaya: ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin yadin nan biyu, yaya ake fitar da ita?

Hajiya_Labule_Interiors: Da burushi mai laushi ko injin zuƙe ƙura. Ba a wanke shi da ruwa, wannan gaskiya ne. In aka jiƙa shi ratsin shara-sharan yakan yamutse, daga nan layukan ba za su ƙara haɗuwa daidai ba.

Malam_Akanta: To ai nan gizo ke saƙar. Bari in ba ku labarin ofishinmu. Shekara uku da suka wuce oga ya sa aka cire tsofaffin labulaye aka sa zebra fari tas a duk tagogi. Satin farko har hoto muke ɗauka a gabansa. Hunturu ɗaya ya wuce, farin ya koma kalar kunun kanwa. Yaron da ke mana shara, bawan Allah, ya ga abin ya dame shi, ranar Asabar ba kowa ya samo bokiti da omo da soso ya wanke guda huɗu. Ranar Litinin muka tarar da su sun yi kamar an tauna. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa. Alhaji, duk abin da za ka saya ka fara tambayar kanka wa zai goge shi, kuma da me. A ginin kasuwa ba matar gida ce za ta kula da shi ba, yaron shago ne da tsumma.

Ummu_Sadiq: Wannan magana ta Malam Akanta ita ce magana. Ni benishiyan na alminiyam ne a shagon ɗinkina, kowane faifai kanta ce ta ƙura. Tun daga Nuwamba har Fabrairu kullum sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma in yaro ya sa yatsa ya leƙa waje sau ɗaya, faifan ya lanƙwashe kenan har abada.

Dan_Maradi: Salamu alaikum. Mu nan Maraɗi "sitor" muke ce masa, daga Faransanci. Abin da na gani a wasu ma'aikatu a Yamai, a waje suke sa abin tare ranar, ba a ciki ba. Wani faifan ƙarfe ne a jere a gaban gilashin. In ka shiga ciki sanyi kamar ba a Sahel kake ba.

Arc_Bello_Z: Dan Maraɗi ya taɓo inda nake jira. Labule na ciki, kowane iri ne, yana tare rana ne bayan ta riga ta ratsa gilashi. Zafin ya shigo ɗaki kenan, sai dai a mayar da wani kaso waje. Wanda ke waje kuwa tun kafin ta taɓa gilashin ya tare ta. Shi ya sa gine-ginen da aka yi a shekarun 1950 da 1960 suke da bulo mai ƙofofi da baranda mai zurfi. Ku dubi tsofaffin gine-ginen Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, ɗakin karatun gaba ɗaya a bayan irin wannan ragar siminti yake. Kai, mu bar Ibadan ma, ku shiga Gidan Makama ku ga kaurin bango da ƙanƙantar taga. Kakanninmu sun san ranar garin nan. Alhaji, in akwai sauran kuɗi, a sa faifan alminiyam a tsaye a wajen gilashin saman. Sannan a sa labule mara tsada a ciki.

Bazazzagi_01: Akitek, ku ne fa kuke zana mana Dubai a Kano sannan ku dawo kuna ba mu labarin Gidan Makama.

Arc_Bello_Z: Ranka ya daɗe, in ka zana wa mai gini ƙaramar taga cewa zai yi ka mayar masa da filaza gidan yari. Hoto yake zuwa da shi a waya ya ce irin wannan yake so. Ka yi bayani har ka gaji.

Dan_Kwari_Alh: Akitek kamar kana wurin. Ni na kai hoton da kaina, ba zan yi ƙarya ba. Maganar faifan waje kuwa, gaskiya aljihu ya yi ƙasa. Tayil da wayarin sun cinye ni. Sai dai ko nan gaba.

Kaka_Ta_Gari: Ni duk wannan zancen dariya yake ba ni. Rola ɗin nan da kuke ta faɗa ba asabari ba ne? Kakata a Gwarzo tana da shi a ƙofar ɗaki, da rana ta sake shi, da yamma ta naɗe ta ɗaure da igiya. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iska tana shiga. Bature ya sa masa sarƙa ya dawo mana da shi muna biya da mita.

Ummu_Sadiq: Wallahi Kaka kin tuna min. Har ƙamshinsa in aka yayyafa masa ruwa da bazara.

Sani_POS: Tunda an zo maganar na waje ba ya ganin na ciki, a yi hattara. Wannan da rana ne kawai. Ni na sa irin yadin da Injiniya yake faɗa a shagona. Da rana lafiya lau. Ran nan bayan magariba na tsallaka titi sayen ruwa, na waiwayo, sai ga yarona a zaune yana ƙirga kuɗi, ina ganin har kalar takardun. In fitila tana ciki duhu yana waje, abin juyawa yake. Washegari na sa aka ƙara min wani mai toshe haske gaba ɗaya a bayansa. Duk mai harkar kuɗi ko gwal ko waya ya san da wannan.

Injiniya_MK: Sani ya yi gaskiya, na manta ban faɗa ba. Akwai maƙalin da ke ɗaukar rola biyu a taga ɗaya, na rana da na dare. Sai dai kuɗi biyu ne. Ofishin da ake tashi ƙarfe biyar ba ya buƙata.

Sai maganar kala, don a nan ma ana yawan kuskure. Farin yadi ya fi mayar da zafi waje, amma in rana ta doke shi shi kansa yakan zama fitila, mai aiki da kwamfuta ba zai ga fuskarta ba. Mai duhu ya fi daɗin ido kuma an fi ganin waje ta cikinsa, amma yana shan zafi ya sake shi a ɗaki. Akwai mai fuska biyu, bayansa fari ko ruwan azurfa yana kallon gilashi, cikinsa ruwan toka. In ka samu wannan, shi ne na tagar yamma. Ruwan toka kuma yana ɓoye ƙura, ba kamar farin su Malam Akanta ba.

Malam_Akanta: Kar ka tuna min. Kuma Alhaji ka sa kuɗin wuta a lissafi. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya, esi ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. Ɗan haya in ya ga esinsa yana aiki tun azahar har magariba ɗaki bai yi sanyi ba, shekara ɗaya zai yi ya tashi.

Abu_Tint: Me ya sa ba wanda ya kawo maganar tintin? A liƙa wa gilashin leda mai mayar da rana, an gama. Ba ƙura, ba sarƙa, ba yaron shara.

Arc_Bello_Z: Yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin labule, don ba a ɗaga shi ranar da gari ya yi hadari. Kuma a kula da irin ledar. Mai baƙi sosai tana sa gilashi ya sha zafi, tsakiya ya yi zafi gefen da ke cikin firam bai yi ba, sai ka ji ƙas, ya tsage. Na ga wannan da idona a wani gini. A tambayi wanda ya kawo gilashin tukuna.

Nima_Boy_GH: Gaisuwa daga Accra. Mu a nan ba ƙura ce damuwarmu ba, danshi ne. Yadi in ba na roba ba ne fumfuna yake yi, baƙi-baƙi, ga wari. Na katako kuma yana kumbura ya karkace. Don haka abin da ya yi a Kano ba lalle ya yi a Legas ko nan ba. Na faɗa ne saboda masu karantawa daga kudu.

Dr_Maman_Iman: Alhaji ban sani ba ko a cikin 'yan hayarka za a samu asibiti ko makarantar yara ko wurin gyaran gashi na mata, inda ake zuwa da ƙananan yara. In akwai, don Allah a kula da sarƙar jan labule. A ɗan asibitinmu wata uwa tana ba da bayani a teburin karɓar marasa lafiya, ɗanta ɗan shekara biyu ya hau benci ya zura kansa cikin zoben sarƙar labule, ƙafarsa ta zame. Allah ya sa nas tana kusa ta ɗaga shi. Shatar sarƙar ta kwana biyu a wuyansa. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. A ranar na sa aka ɗaure duk sarƙoƙin a bango da ɗan maƙali, sama da inda hannun yaro zai kai. Abin ba wasa ba ne, a Amurka tun ƙarshen 2018 labulen da ake sayarwa a shago an ce ya zama mara igiya ko kuma igiyar ta kasance inda yaro ba zai kai ba. Maƙalin nan ba shi da tsada, masu sawa ne kawai ba sa damuwa sai ka ce a sa.

Hajiya_Labule_Interiors: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Dakta. Gaskiya a cikin kwali yake zuwa, yara ne suke zubar da shi don kar su ƙara huda bango.

Young_CEO_Abj: Ku sa mai rimot kawai, ba sarƙa ba matsala. Namu da waya ma ake sarrafa shi.

Sani_POS: Oga CEO, a Abuja kake. Ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona injin, labule ya tsaya a rabi, wa zai zo gyara?

Injiniya_MK: Mai inji yana da wurinsa: taga mai tsayin da hannu ba ya kaiwa, ko ɗakin taro. Akwai na kamfanoni irin Somfy na Faransa, akwai kuma masu batir da ake caji kamar waya, waɗannan ba ruwansu da rawar wuta. Amma ofis shida na haya, kowa da hannunsa, sarƙa ta fi. In ta tsinke ko'ina za a samu.

Tsohon_Dan_Kwana_Kwana: Ba wanda ya yi maganar gobara. Ni na yi aikin kashe gobara kafin in yi ritaya, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ya wasa da wannan. Labule a tsaye yake, wuta kuma sama take bi, cikin daƙiƙoƙi ta kai silin. Sau da yawa soket ɗin esi yana nan gefen taga, dab da yadi. Ka tambayi mai kayan ko yadinsa mai jure wuta ne, ya nuna maka takarda. Za ka ga an rubuta BS 5867 ko NFPA 701. In ya fara kame-kame, ka karɓi ɗan ƙyallen samfur ka fita waje ka sa masa ashana. Mai kyau zai yi baƙi ya mutu da ka janye wutar. Mara kyau zai kama yana ɗiga kamar leda.

Hajiya_Labule_Interiors: Baba, za ka sa a ƙone mana samfur duka. Amma gwajin gaskiya ne, ba musu.

Dan_Kwari_Alh: Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Yau na koma da Injiniyan ginin muka duba. Wata matsalar ta fito: ƙarfen tagar da aka sa ta ciki ya cinye zurfin tagar, saura bai kai yatsa uku ba, ga hannun buɗe gilashi ya turo. Kenan labulen ba zai zauna a cikin ramin tagar ba?

Hajiya_Labule_Interiors: Ba zai zauna ba Alhaji, sai a ɗora shi a bango ta sama, ya rufe ramin gaba ɗaya. Hakan ma ya fi maka, don in a cikin rami ne dole a bar 'yar tazara hagu da dama, rana kuma ta nan za ta zuro kamar wuƙa ta sauka a kan teburin mutum. A ƙara kamar santimita 10 kowane gefe. Abu uku ka tsaya a kansu da kanka. A auna kowace taga daban, sama da tsakiya da ƙasa, don ban taɓa ganin magini ya fitar da taga shida daidai wa daida ba. Kar a yi rola ɗaya mai faɗin gaske, bututun yana lotsawa a tsakiya yadin ya yi ciki, a raba shi daidai inda firam ya raba gilashi. Sannan a huda siminti a sa fisha, 'yar robar nan da ke riƙe kusa a bango, kar a ɗaure a jikin silin POP, zai zazzago. Kuma da sikwaya mita ake lissafi: taga mai faɗin mita 1.5 da tsayin mita 2, sikwaya mita 3 kenan. Ka riƙe tef ɗinka ka lissafa, wasu suna ƙara awo a takarda.

Malam_Akanta: Ni tambayata daban ce. Me ya sa Alhaji ne zai saya? Ɗan haya ya sa abinsa mana.

Arc_Bello_Z: In aka bar wa 'yan haya, wata shida ginin zai koma kamar shanyar tsumma. Wannan ja, wannan kore, wancan ya liƙa kwali, wani ya rataya zanin gado. Ku duba filazozin kan titin Zoo Road daga waje za ku gane abin da nake faɗa. Mai gini ya sa iri ɗaya a saman, ya rubuta a yarjejeniya cewa wanda ya lalata shi zai gyara.

Sani_POS: Sai kuma a ɗora mana a kuɗin haya. Mun san zancen.

Ummu_Sadiq: Shagunan ƙasa dai a bar su. Mai shago so yake a ga kayansa, ba ya son labule sai dai rana ta fara cinye kalar atamfa. Ni rabin taga nake saukewa daga la'asar.

Bala_Batikal: Na zo a makare. Ni ne mai sa na tsaye, kuma na ga an wuce shi da sauri. Ku tambayi kanku me ya sa ofisoshi suka daɗe a kansa. Ƙura ba ta zama a abin da ke tsaye. In faifai ɗaya ya lalace shi kaɗai za a cire a sa wani, faɗinsa ɗaya ne ko'ina, milimita 89 ko 127. Rola in ya yage sai a canza yadin duka. Aibinsa biyu ne kuma ba zan ɓoye ba: fanka tana kaɗa shi yana ƙara, kuma in mutum ya ja shi gefe bai fara buɗe faifan ba, ƙugiyoyin sama suna karyewa.

Malam_Akanta: Da 'yar sarƙar ƙasan nan da ke tsinkewa tun watan farko, kowane faifai ya kama gabansa.

Bala_Batikal: Yanzu akwai wanda nauyin a ɗinke yake a cikin yadin, ba sarƙa. Malam ka daɗe ba ka shiga kasuwa ba.

Dan_Kwari_Alh: To ga abin da na yanke. Ofis biyu na ƙarshe zan sa a yi gwaji, ɗaya rola mai lamba 3 mai farin baya, ɗaya na tsaye, in bar su sati biyu in riƙa shiga da la'asar. Bala, Hajiya, ku turo min lamba ta akwatin saƙo. Zebra kuwa uwargida ta ga hotonsa a wayata, ta ce na falonta ne.

Injiniya_MK: Ka tafi da ma'aunin zafi Alhaji, kar ka dogara da fata. Ka ajiye a kan tebur, ba a jikin taga ba, kuma esi a kashe.

Bazazzagi_01: Ɗaki na uku a liƙa jarida, a ga wanda zai ci.

Dan_Maradi: Ɗaki na huɗu kuma a rataya asabarin Kaka ta waje. Ni a kansa zan sa kuɗina.